Fuskar da Malam Ya Ba da Aro

Talata, 6 ga Oktoba, 1959. Gumel.

Yau na ciro littafin awon Malam daga aljihun keken ɗinki. Rabinsa sunayen mutane ne da tsawon hannun rigunansu, sauran rabin fari fat. A kan irin wannan takarda ya koya mini boko, don haka ba na jin zai damu in na cike masa.

Wata shida ke nan da sanƙarau ya ɗauke shi. Na fita takaba tun cikin damina, amma har yanzu ƙafata ba ta saba da waje ba.

Maƙwabciyata A'i ta leƙo ta kan danga, ta ce motar majigi ta shigo gari, kuma wasan nan da aka ɗauka da Malam shi za a nuna gobe a filin makaranta. Na ce mata to. Da ta juya sai na zauna a ƙasa. Ba ni da hotonsa ko ɗaya.

Laraba, 7 ga Oktoba.

Na wanke mayafina, na kasa cin abinci. Sai ka ce wadda za a zo gani.

Alhamis, 8 ga Oktoba.

Na gan shi.

Bari in rubuta tun daga farko, kada kaina ya rikice. A farkon shekarar nan wasu mutane suka zo da wani Bature da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Suka ce wasa za su shirya saboda zaɓen da ke tafe, a nuna wa talakawa yadda ɗan siyasa mayaudari yake, don su kiyaye. Suna neman dattijo mai kwarjini ya fito a mayaudarin. Duk wanda aka tuntuɓa sai ya noƙe. Malam ya yarda. Na ce masa, kai da kake cikin jam'iyya da gaske? Ya yi dariya ya ce, Rakiyya, fuska ce kawai zan ba su aro, in sun gama su maido mini.

Suka ce ya zo da rigarsa mafi kyau. Ya sa saƙin nan da na kaɗa zarensa da hannuna, da jar dararsa. Suka nemi rijiya, ya kai su tamu ta unguwa, wadda shi ya tara gayya aka haƙa shekara biyar da suka wuce, ya yi ta sintirin ofis har aka ba da siminti. Ita ake kira Rijiyar Sallau, da sunansa.

Jiya bayan isha'i aka ɗaura farin ƙyalle a jikin motar, aka tayar da inji. Mu mata muna can baya. Hoton ba ya magana, wani mai bayani ne yake riƙe da lasifika yana faɗin abin da ake yi. Sai ga Malam ya fito daga bayan bishiya, ya fi ɗaki tsawo, yana tafiyar nan tasa ta mai ciwon gwiwa. Na danne bakina da mayafi. A'i ta riƙe mini hannu.

Mai bayanin ya sa masa suna Alhaji Sai-Gobe. A wasan, yana yi wa mutane alkawarin rijiya, kullum sai gobe. Ya sa aka ɗaure wani malamin makaranta da ya tona shi. Ya aika yaransa su sace akwatin ƙuri'a, aka yi ta tsere a kan keke. Wata tsohuwa ta jefa guga a rijiya, ya fito cike da yashi. Daga ƙarshe 'yan doka suka tasa ƙeyarsa, mai bayani ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mutane sun yi ta dariya suna cewa, kai, Malam Sallau tela ya iya, Allah ya jiƙansa. Mijin A'i yana ta nuna wa na kusa da shi cewa shi ne ya ɗura yashin nan a gugan da hannunsa.

Ni ban bi labarin sosai ba. Hannunsa nake kallo. Har tabon almakashi na gani.

Lahadi, 11 ga Oktoba.

An sake nunawa jiya da shekaranjiya. Na je duka. Allah ya yafe mini, na fi ɗokin majigin nan a kan komai.

Juma'a, 16 ga Oktoba.

Na je ɗebo ruwa. Mata uku suna bakin rijiya, da suka hango ni suka yi shiru, amma na riga na ji wutsiyar maganar. Ɗaya tana cewa, duk faɗin garin nan me ya sa shi aka zaɓa, ai Bature ba ya zaɓen banza.

Na gaishe su, suka amsa da kyau. Ɗayar har ta ɗora mini tulu.

Da na faɗa wa A'i sai ta ce, rabu da su Yaya, bakin mata ne. Amma ba ta kalle ni ba.

Laraba, 21 ga Oktoba. Gagarawa.

Na ce wa mutane zan zo duba Murja, 'yata, ita kaɗai ta rayu cikin huɗun da na haifa, ga ta da tsohon ciki. Gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma na ji motar majigin nan ta nufo.

Jiya aka nuna kusa da tashar jirgi, inda ake jibge buhunan gyaɗa. Murja ba ta fita, ni kaɗai na bi matan gidansu. A nan ba wanda ya san shi tela ne. Ba wanda ya yi dariya irin ta Gumel. Da yashi ya zubo daga gugan sai na ji wani dattijo ya ce, la'ananne. Wani ya jefi ƙyallen da ɓawon rake, ya same shi daidai kumatu.

Mai bayanin ma ya ƙara gishiri. A Gumel cewa ya yi, wannan mutum ya yi alkawari bai cika ba. A nan kuwa cewa ya yi, ku dube shi da kyau, irinsu suna nan cikinku, da babbar riga da zaƙin baki. Mutane suka yi ta waige-waige.

Wata a gefena ta ce, wai an ce ɗan Gumel ne, kuma da gaske ya yi, shi ya sa aka ɗauke shi hoto don a kunyata shi. Na buɗe baki. Ban san abin da ya riƙe ni ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba.

Murja ta tambaye ni, Inna, yaya Baba ya fito? Na ce ya yi kyau, rigar ta zauna masa. Ta ce uwar mijinta ta daina kiranta 'yar Malam, yanzu sai dai ke. Na ce wa ya sani ko mantuwa ce.

Da rana jirgin Kano ya wuce, na tsaya ina kallonsa ta ƙofar zaure. Shekara goma sha biyu Malam yana cewa zai kai ni Kano a jirgi in an gama kaka. Ba mu je ba. Ban taɓa riƙe wannan a raina ba. Ban san me ya kawo shi yau ba.

Asabar, 31 ga Oktoba. Gumel.

Samari sun sa wa rijiyar suna Rijiyar Sai-Gobe. Da wasa suka fara.

Ruwanta bai taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da ta fi kowace tsanani. Suna sha suna faɗa.

Litinin, 2 ga Nuwamba.

Na je gaishe da Liman, na kai kuka. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi shaida ne a kan Malam Sallau, sahun farko ba ya wuce shi, zai kuwa faɗa a masallaci. Sannan ya ce, amma 'yata, tun farko mun ce masa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mutum ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a rijiyarsa, ya yi rantsuwar ƙarya a gaban akwati, yaya za ka raba wa talaka wannan da wancan?

Na ce ai wasa ne, Allah gafarta Malam. Ya ce ni da ke mun sani.

Juma'a, 6 ga Nuwamba. Sule Tankarkar.

Na zo gidan Yaya Muntaka, wana. Jam'iyyarsu ɗaya da Malam, tare suke yawon ƙauyuka a kan keke tun kafin siyasa ta zama abin ado. Ya rame.

Ya ce tun da majigin nan ya zaga, ba ya iya gama lacca. Da ya ce za a gyara hanya sai wani daga baya ya ce, yau ko gobe? Sai wuri ya ɗauki dariya. Ya ce ba su kaɗai ba, 'yan ɗaya jam'iyyar ma haka ake yi musu, har ya ji tausayin abokin hamayyarsa. A wani ƙauye an kawo masa guga cike da yashi an ajiye a gabansa, ba wanda ya ce uffan. Yanzu ya daina sa babbar riga in zai fita, sai taguwa. Sai suka ce ya ɓad da kama.

Ya ce, an shirya wasan nan don a koya musu su rarrabe na kirki da na banza, su kuwa abin da suka koya shi ne babu na kirki.  Sai ya ce, mijinki ya ja mana ruwa, Rakiyya, shi kuma ya tafi ya bar mu a cikinsa.

 Daga baya ya aiko mini da nono da fura, na san ban haƙuri ne.

Jiya aka nuna a nan. Na je. Na biyar ke nan da na gani, ko na shida.

Asabar, 7 ga Nuwamba.

Akwai wani wuri a wasan. Yana gaban mutane a bakin rijiya, sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji, ya karkata kai hagu, ya ɗan lumshe ido. A nan mai bayani yake cewa, sai gobe in Allah ya yarda.

Ba Baturen ne ya koya masa wannan ba. Nasa ne. Haka ya yi mini ranar da muka binne ɗanmu na biyu, ya ce ba zai taɓa barina in yi kuka ni kaɗai ba. Haka yake yi in ya ce Kano bayan kaka. Haka ya yi a kan tabarma, wuyansa a sanƙare, kan ma bai karkatu ba, ya ce, kwantar da hankalinki, gobe zan tashi.

Da farko wurin nan na fi so. Shi nake jira.

Talata, 10 ga Nuwamba. Gumel.

Ba komai. Na share ɗaki, na sa wa keken mai.

Juma'a, 20 ga Nuwamba. Maigatari.

A'i tana kawo daddawa kasuwar Alhamis, na biyo ta. Ta ce, Yaya, wannan bin motar da kike yi ba zai dawo da shi ba. Na ce wannan karon magana zan yi.

Na sami mai bayanin da rana yana cin ɗanwake a inuwar motar. Sunansa Malam Ya'u. Ashe ƙaramin mutum ne, murya ce kawai babba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ce matar wanda kuke nunawa. Ya ajiye kwanon. Ya ce, wane? Na ce Sai-Gobe. Da bakina na faɗa, don ya gane.

Na ce masa tela ne, sunansa Sallau, shi ya haƙa rijiyar nan da kuke nunawa, kuma ya rasu. Ya ce inna lillahi, wallahi Baba ban sani ba, ni gwangwanin hoto kawai ake ba ni da takarda. Na ce abin da kake faɗa ya fi na takarda. Ya sunkuyar da kai ya ce, in ban sa yaji ba mutane watsewa suke yi. Na ce magana ɗaya nake roƙo, ka faɗa musu wasa ne, ka faɗa musu ko shi wane ne. Ya ce zai faɗa.

Ya kuwa cika, ba zan zalunce shi ba. Taron ya fi na ko'ina, ga fatake, ga masu raƙuma daga ƙasar Faransa ta tsallaken iyaka da suka kwana saboda kasuwa. Kafin a tayar da inji ya ce, jama'a, wanda za ku gani sunansa Malam Sallau, tela ne a Gumel, mutumin kirki ne, ya yi wa unguwarsu rijiya, wasa kawai ya yi, kuma Allah ya yi masa rasuwa, a yi masa addu'a.

 Wasu suka shafa. Zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan.

Sai wani ya ɗaga murya ya ce, nawa suka ba ka? Wuri ya fashe da dariya. Wani ya ce, ka ji su ko, har mai lasifikar sun saye. Wani Badamagare kusa da mu ya ce wa abokinsa, abin nasu ya yi nisa, ko sun mutu sai an biyo da mai wanke su.

Da ban sa shi ya faɗa ba, da a Maigatari ba su san sunansa na gaskiya ba. Yanzu sun sani. Ni na kai musu.

Ban tsaya ƙarshe ba. Wannan ne karo na farko da na tashi na bar shi a tsaye.

Litinin, 30 ga Nuwamba. Gumel.

Murja ta sauka, namiji. Tun tana da ciki mijinta ya ce in namiji ne sunan Malam za a sa. An aiko mini yau cewa dattawan gidan sun ga ya fi kyau a sa sunan kakansa na wajen uba. Ɗan aiken ya ce kada yaro ya taso ana tsokanarsa.

Na ce Allah ya raya. Me zan ce.

Alhamis, 3 ga Disamba.

Na yi ƙoƙari in tuna fuskarsa a gida, yana zare a baki yana neman kafar allura. Sai ta majigin take zuwa, babba, fara da baƙi, da idon nan a lumshe. Ko a mafarki ba ya magana da muryarsa, da ta Malam Ya'u yake yi.

Mijina ya ce in sun gama da fuskar za su maido. Motar ta wuce Haɗeja, aka ce.

Talata, 8 ga Disamba.

Yaya Muntaka ya biyo, zai wuce taro. Ya zauna a tabarmar Malam ya ce in an ci zaɓe zai tsaya da kansa a rubuta sunan Sallau a jikin simintin rijiyar, kowa ya gani. Yana faɗa ya ɗora hannu a ƙirji.

Wana ne, ciki ɗaya. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na tsinci kaina ina kallon hannun ba fuskar ba, ina cewa a raina, to, mun ji.

Na yi istigfari bayan ya tafi.

Asabar, 12 ga Disamba.

Yau zaɓe. Mu mata ba mu da ƙuri'a, sai labari. Maza sun fita da yawa, layi har bakin kasuwa. Mijin A'i ya dawo da tawada a yatsa. A'i ta ce wa ka jefa wa? Ya ce mai unguwa ya ce a fita, na fita, na shiga ɗakin na ga akwatuna, na ce duk Sai-Gobe ne, na jefa a na kusa da ƙofa.

Na ce ta kan danga, Malam Bappa, ba kai ka zuba yashin a gugan ba? Ya ce ni ne. Na ce to? Ya ce, Yaya Rakiyya, ni yashi na zuba, amma abin da na gani a fuskarsa a ƙyallen nan, ba a koya wa mutum shi a kwana uku.

Shekara ashirin Malam yana ɗinka masa rigar salla.

Laraba, 16 ga Disamba.

An ce wanda su Yaya Muntaka suke so bai ci ba. Wasu sun ce ya ci. Ban tambaya ba.

Laraba, 23 ga Disamba.

Na ninke rigar saƙin na sa a ƙasan adaka. Ba don komai ba, asu nake tsoro.

Da hantsi wata baƙuwa ta yi sallama, Bafulatana, da ƙwarya a ka da goyo, ta ce ƙishirwa suke ji, kuma shanunsu suna bayan gari, ina rijiya a nan unguwar. Na ba ta ruwa a moɗa, na fito ƙofar gida na nuna mata da hannu. Na ce ki bi nan ki karya dama, in kin ɓata ki tambayi kowa Rijiyar Sai-Gobe.

Ta yi godiya ta tafi. Na daɗe a tsaye.

Don ta gane ne kawai. In na faɗi ɗaya sunan, yanzu ba kowa zai nuna mata ba. Don haka ne.

Saura shafi huɗu a littafin nan. Na juya baya wajen awon, na sami inda ya rubuta nasa da hannunsa, wuya kaza, hannu kaza, tsawo kaza. Na karanta sau biyu. Daidai yake, na san daidai yake, ni na riƙe masa igiyar awon.

Ruwan randa ya ƙare tun jiya. Zan ɗebo gobe.